Wai kumbo yana dawowa a sake hawansa?

Baban Hafsa, Argungu: Salamu alaikum. Jiya muna shan iska a bakin kogin Matan Fada, yarona ya nuna min bidiyon kumbo yana sauka kamar jirgin sama. Ni a zatona in ya tashi ya tafi ke nan. Yaya abin yake?

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Space Shuttle na Amurka ya nuna maka, wanda ya yi tafiya 135 daga 1981 zuwa 2011. Roka ce ke cilla shi har gudunsa ya kai kusan kilomita 28,000 a awa, sai ya riƙa kewaya duniya. Dawowar ce ke da wuya. Yana kutsowa cikin iska ƙasan cikinsa ya ɗau zafi kamar garwashi, shi ya sa aka manna masa tayil masu jure wuta. Saukar kuwa babu inji, shawagi kawai irin na shirwa. In ya kuskure titin, babu sake gwadawa.

Ɗan Yauri: Na yanzu, kumbon Dragon na kamfanin SpaceX, laima yake buɗewa ya faɗa teku, a tsamo shi a gyara.

Baban Hafsa: Tsamowa kuma? Ashe su ma masunta ne!