Me za mu kira mamogiram da Hausa? Ranar Alhamis nake buƙata

Maman Hanan: Assalamu alaikum jama'a. An ɗora min aiki ni kuma na amsa da baki. Ranar Alhamis bayan la'asar za mu zauna da matan unguwarmu a nan Jidda, tunda Oktoba ne watan wayar da kai kan sankarar mama. Takardar da aka ba ni da Larabci take, tsofaffinmu kuwa Larabcin kasuwa suke ji, ba na asibiti ba. Abu biyu suka tsaya min a wuya: mamogiram, da abin da Larabawa ke cewa kashaf mubakkir, wato gano cuta da wuri. Na gwada "hoton nono" a kan surukata, ta ajiye kofin shayi ta ce, "A'uzubillahi, wa zai ɗauka?" Ku taimaka.

Ɗan Misfala: Ki bar shi mamogiram kawai, Anti. Ko Larabawan ma haka suke cewa, ba su fassara ba.

Uwar Biyu: Wa alaikumussalam. Ni aikin jinya nake, bari in fara faɗin mene ne abin. Hoton ƙashi ne irin wanda kuka sani, amma haskensa kaɗan ne. Mace za ta tsaya, a ɗora maman a kan faranti, wani farantin ya sauko ya matse shi na ɗan daƙiƙu. Akwai ɗan zafi, kada ki ɓoye musu. Yana nuna ƙullutun da hannu bai isa ya ji ba tukuna. A nan daga shekara 40 ake so mace ta fara. Ki kuma gaya musu ranar kada su shafa hoda ko maganin warin hammata, don yana fitowa a hoton kamar ɗigo-ɗigo ya rikita likita. Ga kashaf mubakkir kuwa ni "awo" zan ce. Mai ciki ba don tana ciwo take zuwa awo ba, kowace mace ta san wannan. Awon mama.

Ɗan Misfala: Awon mama? Sai a ɗauka tsohuwata zan kai a ɗora a sikeli. In kuma kika ce awon nono, sai in ga 'yar Fulani da ludayi.

Malamin Hausa: Yaro, ba wasa muke ba. Hajiya, kalmar tana nan, na ƙirƙiro ta tuntuni: mahaska-mama. Tsarin sunan kayan aiki ne, kamar maɗauki, mabuɗi, madubi. Na'ura ce mai haskawa, to me ya rage? Aron kalma kasala ce.

'Yar Mai Wurno: Mu a Sudan kashif muke cewa, tun ina yarinya. "Na je kashif." Babu wadda ba za ta gane ba.

Malamin Hausa: Ga irinta nan. Kun daɗe a ƙasar Larabawa har Hausarku ta zama faten wake. Mustashfa, dakatur, kashif. Jikokinku da wane harshe za su gaisa da dangi a Kano?

'Yar Mai Wurno: Malam, da girmanka. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato bayan 1903, kuma har yau Hausa muke yi a gindin murhu. Asibitin da kake taƙama da ita daga ina ka samo ta? Likita fa? Allura? Ko littafin da kake koyarwa da shi ba Bahaushe ne ya raɗa masa suna ba.

Malamin Hausa: Waɗannan sun zauna, sun ci gishirin Hausa.

Ɗan Misfala: To a ba mamogiram gishirin ita ma mana.

Uwar Biyu: Don Allah ku dawo kan hanya, baiwar Allah nan kwana uku gare ta. Malam, mahaska-mama sunan ƙarfen ne. Mu kuma so muke mace mai lafiya garau ta ɗauki mayafinta ta tafi. Abin da nake gani a wurin aiki shi ne ana zuwa bayan fata ta canza ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan maman ya shige ciki, ko ya fara zubar da jini. Ka tambaya, sai a ce ai daji ba ya son allura, an fi shekara ana shafe-shafe a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da cutar, kimanin 670,000 suka rasu. Kuma kusan rabin masu kamuwa babu wani dalili a tare da su sai kasancewarsu mata da kuma shekaru. Saboda haka "babu mai ita a danginmu" ba kariya ba ce. Gado yana ƙara haɗari, ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ma haka, shayarwa tana ragewa. Yawancin ƙullutu kuma ba sankara ba ne, ki nanata wannan, don tsoro ne ke hana su zuwa.

Ɗan Misfala: Mu dai maza Allah Ya raba mu.

Uwar Biyu: Bai raba ku duka ba, ƙanena. Cikin masu ita ɗari, ana iya samun namiji ɗaya.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta, ku duba: "Awon mama shi ne ki je a duba ki tun kina lafiya, kamar awon ciki. Ana yin sa da na'urar da ake kira mamogiram." Sunan zan bar shi yadda yake, don shi za su faɗa a gaban tagar asibiti a gane su. Na karanta wa surukata, wannan karon cewa ta yi, "Mace ce dai mai awon ko?"

Malamin Hausa: Awo Hausa ce tsantsa, ba ni da ja. Amma ki sa mahaska-mama ko sau ɗaya ne, mutane su fara jin ta.

Maman Hanan: Zan faɗa da baki, Malam, in ce wani malami ne ya ba mu.

'Yar Mai Wurno: Ni dai in na tura wa 'yan'uwana muryar, kashif zan ce. Uwar Biyu, ba ki amsa wa surukar Maman Hanan tambayarta ba, mace ce ke yi?

Uwar Biyu: Inda nake aiki mata ne, kuma ana rufe ƙofa. Ta zo da riga da zani ko siket, kada ta sa doguwar riga, don saman kaɗai ake cirewa.