Na'ura ko ido: wa ya fi iya karanta rinin tsokar bakin mahaifa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Ina nan kan bakana: a gwajin sankarar bakin mahaifa, na'ura ta fi hannu da ido. Ba wa likitoci biyu gilashin Ki-67 ɗaya, wato siririn yankin tsoka da aka rina don a ƙirga ƙwayoyin da ke rarrabuwa, kowa da lissafinsa. Kwamfuta kuwa ba gajiya, ba yunwa.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ƙanina, abu biyu ka gwamutsa. Rina tsoka daban, karanta rinin daban. A rini na ba ka gaskiya: inji irin BenchMark na Roche yana riƙe lokaci da zafi daidai. Da hannu kuwa, na Litinin ya yi duhu, na Alhamis ya koɗe, sai ka ce marinin Ƙofar Mata da baba ya yi wa gardama.

Dakta: Kuma p16, wani rinin da ake yi wa tsokar, ba ƙirga shi ake yi ba. Ana duba ko launin ruwan ƙasan ya kama daga gindin fatar a jere, ba yankewa, ya haura aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kaurinta. Tsilli-tsilli ba ya shiga lissafi. Sannan sai ka ajiye shi kusa da gilashin H&E, wato rinin yau da kullum, ka gwada.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, ai wannan ma ana koya wa kwamfuta da hotuna.

Dakta: Hotunan gilasai masu tsabta. Namu fa? Tsoka ta naɗe, ƙurar hunturu ta hau.

Maman Hanif: Ni an taɓa kawo mini tsoka daga wani asibitin ƙauye cikin robar ruwa, ko ɗigon formalin (sinadarin da ke hana tsoka ruɓewa) babu, ta kwana uku a hanya. Wace na'ura ce za ta tashi wannan gawar?

Baba Habu: Ku ƙara da wuta. A ɗauke ta ana tsakiyar rini, gilasai sun tafi, ga sinadaran da dala ake saye, kuma sai firij.

Ɗan Fagge: Baba, to ji nan. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2020 shi ne a gwada kashi 70 na mata, a shekara 35 da kuma 45. In matan Kano suka fito haka, wa zai karanta? Ku nawa ne?

Dakta: Nan ka kama ni. Na'ura ta tace mini gilasai, ta ɗora masu haɗari a sama, na yarda. Amma sa hannu nawa ne.

Maman Hanif: A fara raba wa asibitoci formalin tukuna.