Wanda ya taɓa ganin jirgin feshi ya yi saukar dole, ya ba mu labari

Manomin shinkafa daga Auyo:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka tayar da maganar feshin tsuntsun jan-baki, sai in tuna wata magariba da jirgin feshi ya sauka a fadamarmu ba da niyya ba. Ya yi ƙasa-ƙasa a kan kachalar da tsuntsayen ke kwana a ciki, sai muka ji injin ya yi tari sau biyu, sannan ya yi tsit. Kafin ka ce kwabo ya saki dukan maganin da ya ɗauko, ya miƙe ya dira a wata gonar gero da aka riga aka girbe, ya yi ta tsalle a kan kunyoyi har ya tsaya. Matuƙin ya fito da ƙafarsa. Abin da har yau ban gane ba shi ne dalilin da ya hana shi juyawa ya sauka a kan hanyar mota da ke bayansa.

Tsohon makanikin jiragen sama daga Kano:
Malam, da ya juya, da wani labarin kake ba mu yanzu. Jirgin feshi mitoci kaɗan ne tsakaninsa da amfanin gona, kuma juyawa babu inji tana cinye ɗan tsayin da ya rage, fiffike ɗaya ya caki ƙasa. Shi ya sa ake koya wa matuƙan su ja hannun da ke buɗe tankin magani ya zube cikin daƙiƙoƙi, jirgin ya yi sauƙi, sannan su sauka a abin da ke gabansu. A nawa aikin, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwa a cikin mai, musamman idan ganguna sun kwana a fili da damina. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka a gindin tanki yake kwanciya. Na taɓa tsiyayo mai a kwalba da asuba, ga shi shuɗi tas, amma a ƙasansa ga ɗigon ruwa kamar ƙwayar wake yana yawo. Ranar jirgin bai tashi ba sai da muka tace komai. Ƙura ma tana toshe matatar iska.

Malamin gona daga Kirikasamma:
Baba, Allah Ya saka da alheri. Wanda na gani ni bai sami busasshiyar gona ba, a shinkafa mai ruwa ya sauka, tayoyin suka kafe a laka, ya kifa da hanci. Matuƙin ya tsira da rauni a kafaɗa. Mu da ke ƙasa ne muka yi ganganci, domin rabin ƙauyen ya ruga ya kewaye jirgin, alhali maganin jan-baki, wato fenthion, guba ne da ke shiga jiki ta fata da numfashi. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka taka wurin sun kwana suna amai da jiri, sai da aka kai su asibiti.

Manomin shinkafa daga Auyo:
Haka muka yi mu ma, Malam, har da yara. Mai gonar da maganin ya zuba a gefenta sai da ya hana Fulani kiwo a wurin har ƙarshen kaka.