Dunƙule ko gishiri: wanne ke ɗaga jini?

Anti Mai Girki: Salamu alaikum. Maganar da ake ta turawa a WhatsApp ita ce wai mai hawan jini ya bar gishiri gaba ɗaya ya koma dunƙule, shi ke nan. Ni dai ban ga aibunta ba. Miyar kuka ta mutum shida, a jefa dunƙule biyar, ɗanɗano ya fito, ba a taɓa gishiri ba.

Malam Nas: Wa alaikumus salam. Anti, an gudu ne ba a tsira ba. Juya ledar ki duba jerin kayan haɗin. Ƙa'ida ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, kuma gishiri za ki gani a farko. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne, kusan rabinsa gishiri. Biyar ɗinki sun kai wajen giram 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ba mai tozo ba. Gidan mutum shida kasonsu giram 30 ke nan, miyar dare kaɗai ta cinye kashi ɗaya cikin uku. Ba a lissafa burodin safe ba, ba a lissafa yajin tsire ba.

Alhaji Mai Kemis: Ni inda na saɓa da kai, Malam, shi ne yadda ake ɗora wa farin magi laifin duniya. Abin da ke ɗaga jini sodiyam ne. Gishiri kashi 40 cikin 100 sodiyam ne, farin magi kuwa wajen kashi 12. Ɗan kaɗan daga cikinsa zai iya sa a rage gishiri miya ba ta yi lami ba.

Malam Nas: In an rage ɗin, ranka ya daɗe. Matsalar ita ce ba musanyawa ake yi ba, tarawa ake yi: gishiri, dunƙule, farin magi, sannan a kawo yaji a barbaɗa.

Hajiya Malamar Abinci: Duk kun tsallake kanwa. Don ana ce mata potash, mutane na zaton potasiyam ce, alhali akasarinta sodiyam ce. Tana cikin ɗanwake, tana cikin wake, tana cikin kuɓewa don yauƙi, ba wanda ke ƙirga ta saboda harshe ba ya jin ta a matsayin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa.

Anti Mai Girki: To Hajiya, wake ba kanwa ai sai gas ya ƙare bai nuna ba.

Hajiya Malamar Abinci: Ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan da safe, ki ɗora da sabon ruwa. Tumatir da duk wani abu mai tsami su jira sai ya yi laushi, tsami ne ke sa shi taurin kai. Batun miya kuma, kada a yanke dare ɗaya, maigida zai ture kwano ya nemi yaji, an koma gidan jiya. Wannan makon dunƙule huɗu, bayan mako biyu uku, harshe yana sabawa a hankali. Gurbin ki cike shi da daddawa, albasa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta da garin busasshen kifi. Gishirin yini kuma ki auna shi da safe a ɗan murfi, in ya ƙare ya ƙare. Tsunkule da yatsa shi ke yaudarar mai girki.

Alhaji Mai Kemis: Kuma barin gishiri kwata-kwata ba daidai ba ne. Na leda akwai ayodin a ciki, shi ke kare mutum daga ciwon maƙoƙo. A rage, amma wanda za a sa ya zama mai ayodin. Gishirin nan da ake tallatawa mai ƙarancin sodiyam, potasiyam aka zuba a madadin. Mai ciwon ƙoda, da masu shan wasu magungunan hawan jini irin lisinopril, kada su taɓa shi sai likita ya yarda.

Anti Mai Girki: In an yi duk wannan, sai a ajiye ƙwayar hawan jini?

Malam Nas: A'a, Anti. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwon kai balle ya yi sallama. A zauna a huta minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, sannan a auna. In yana kai 140/90 a ranaku daban-daban, maganar ta likita ce, shi zai ce a rage ƙwaya ko a bar ta yadda take.

Anti Mai Girki: Na ji. Amma kuɓewa ba kanwa, wannan kam sai mun sake zama.