Kira na shiga amma ba na jin murya, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na saita wayar intanet ta SIP (tsarin haɗa kira ta intanet), rajista ta yi lafiya lau, kira na shiga, mutumin yana jina tangaram amma ni shiru kake ji. In na kunna datar waya komai daidai, da na hau wifi matsalar sai ta dawo. Wani ya ce min NAT ne (tsarin da ke sa na'urorin gida su raba adireshin intanet ɗaya) a rauta, wato na'urar wifi, ke tare sautin, wai ƙofa (port, wato mashigar bayanai) mai lamba 5060 haɗa kira kawai take yi, murya kuma tsarin RTP ke ɗaukarta ta UDP (wata hanyar aika bayanai a intanet) a wasu ƙofofin daban. Na kashe SIP ALG (saitin rauta da ke yi wa saƙonnin SIP gyara in za su wuce), ba canji wallahi. To yanzu STUN (tsarin da ke sanar da waya adireshinta na waje a intanet) zan saka ko ƙofofin RTP ɗin zan buɗe, kuma wadanne ne?