Bugun lino zane ne na asali ko kwafi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ga sabon aikina: rijiyoyin marinar Ƙofar Mata, na sassaƙa a kan lino, wato wani falle mai laushi kamar roba da ake ƙwaƙule zane a jikinsa, na buga da baƙar tawada. Guda 15 ne, kowanne na sa masa lamba da fensir a ƙasa, daga 1/15 zuwa 15/15.

Mai Alƙalami: Wa alaikumus salam. Aiki ya yi kyau Hajiya, Allah ya ƙara basira. Amma gaskiya ɗaya ce: abin da ya fito guda 15 iri ɗaya, kwafi ne. Ni idan na ja layi da alƙalami da tawada, shi ke nan, ba gogewa, ba na biyu. Wanda ya sayi zanena shi kaɗai ke da shi a duniya. Ban yarda a jera bugu da zanen hannu a ce duk ɗaya ne ba.

Uwar Biyu: Malam, to ina zanen da na kwafa? Babu shi. Abin da ke hannuna lino ne da aka ƙwaƙule, komai a juye, dama ta koma hagu. Ba wanda zai rataye shi a bango. Hoton bai wanzu ba sai da na shafa tawada da rola, na ɗora takarda, na murza bayanta da cokali har hannuna ya yi tsami. Kuma in maganar rashin gogewa ce, wuƙa ta fi alƙalami tsanani. Kai in ka yi kuskure kana iya ɓoye shi cikin inuwa. Ni abin da na yanke ya tafi, fari zai fito har abada.

Baba Mai Hatimi: 'Yata ta yi gaskiya a nan. Mu da muka yi sana'ar yanka hatimi a kan roba mun san wahalar rubutu a juye. Harafi ɗaya ya karkace, sai dai a jefar a ɗauko sabuwa.

Ɗan Samaru: Malam, ka duba tarihin gida ma. Bruce Onobrakpeya, haifaffen 1932, a kwalejin nan ta Zariya ya yi karatu, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Da bugu ya yi suna a duniya. Shi kuwa Uche Okeke an san shi da zanen alƙalami da tawada mai salon uli, zanen gargajiya na Ibo da ake yi a jiki da bango. Makaranta ɗaya, zamani ɗaya, kuma manyan gidajen adana zane sun karɓi ayyukansu duka biyu. In bugu fotokwafi ne, me suke ajiyewa?

Mai Alƙalami: Ban raina Onobrakpeya ba, ƙanina. Amma tunda tarihi kake so, ga Hokusai na Japan da hotonsa na babbar igiyar ruwa, wajen 1831. Shi zane kawai ya yi a takarda. Wasu ne suka sassaƙa katakon, wasu daban suka buga, dubbai aka fitar ana sayarwa da araha. To hannun wa ke kan takardar da mutum ya saya?

Ɗan Samaru: Amma ka san abin da ke faruwa da zanen nasa? Manna shi ake a kan katako, a sassaƙa ta cikinsa, ya lalace. Ke nan tun farko don a buga aka yi shi. Kuma a 2023 an sayar da guda ɗaya a gwanjo a New York sama da dala miliyan 2 da rabi. Masu saye suna bambance bugun farko, lokacin da layukan ke da kaifi, da na baya da katako ya cinye.

Mai Alƙalami: Tsada ba hujja ba ce. Tsufa da ƙaranci ne suka ba shi wannan kuɗin.

'Yar Zango: Yaya, bari in sa baki daga nan Kumasi. A Ntonso, kusa da mu, masu adinkra suna sassaƙa alamomi a jikin ƙwarya, su tsoma a rinin ɓawon itace da aka dafa, su riƙa dannawa a kan yadi. Hatimi ɗaya ne, amma ka matso kusa ka gani: nan rini ya yi kauri, can gefe bai kama ba. Na buɗe hotunan Hajiya na 2 da na 9, duba bakin rijiyar da ke hagu. A ɗaya baƙi ne wuluk, a ɗayan ana ganin ƙwayar takarda. Inji ba ya haka.

Mai Alƙalami: Na gani, akwai bambanci. Sai dai bambancin murzar cokali ne, tunanin guda ne. Ga kuma abin da ya fi damuna: lino yana hannunki. Me zai hana gobe ki buga na 16, na 17? Ni ko na so ba zan iya ba.

Baba Mai Hatimi: Wannan tambaya ce mai nauyi, kada a tsallake ta. Lambar nan alkawari ce. Al'adar masu wannan aiki, in adadin ya cika sai a ja wa abin bugun layi da wuƙa daga kusurwa zuwa kusurwa, don kada a sake amfani da shi.

Uwar Biyu: Haka zan yi, Baba, kuma zan turo hoton linon bayan na tsaga shi kowa ya gani. Kuɗi ma ban sa daidai da na zanen Malam ba, ƙasa na sa, don ɗalibi ya iya saye ya rataye a ɗakinsa. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a ce ba aikin hannuna ba ne.

Mai Alƙalami: Aikin hannunki ne, wannan ban musa ba. Amma a baje kolin da muke shiryawa, ina nan a kan bakana: bango ɗaya na bugu, bango ɗaya na zanen alƙalami, kuma a rubuta adadin kowane bugu a fili.

Uwar Biyu: Adadi a fili, na amince. Raba bango kam sai an kaɗa ƙuri'a.