Shawarwarin majalisa kan tarin Final Fantasy na Switch

Daren Asabar a majalisarmu ta Samaru, wani ƙanenmu ya tambaya ko ya sayi tarin Final Fantasy Pixel Remaster, wasannin bidiyo shida na farko na jerin Final Fantasy da kamfanin Square Enix ya sake fitarwa a na'urar wasa ta Nintendo Switch a 2023.

Kusan kowa ya ce ya saya, amma kada ya fara da na farkon, na 1987, domin labarinsa ba shi da zurfi. An fi yabon na huɗu ga sabon shiga. Ni kuwa na shida, na 1994, na tsaya a kai. Jarumansa suna da yawa, kowa da baƙin cikinsa, kuma har yau kiɗansa yana taɓa min zuciya.

An daɗe ana musu kan damar da tarin ya bayar ta kashe faɗace-faɗacen da ke tasowa a hanya da ninka makin da ke ƙara wa jarumai ƙarfi har sau huɗu. Yayanmu ya ce ɗalibi mai jarrabawa ya yi amfani da ita, amma ya bari sai ya maƙale.

Sauran shawarar ta wuta ce: ya tanadi fawa banki, ya riƙa adana inda ya kai a wasan kafin ya tashi salla.